Khal ɗin Modena: yadda za ka ɗanɗana shi, ka gane shekarunsa da harshenka

Kwalbar farko da na saya da sunan balsamiko, wato khal (vinegar a Turance) na inabi da ake yi a Modena ta ƙasar Italiya, an rubuta 25 ɓaro-ɓaro a jikinta da ruwan zinare. Abin da ke ciki baƙi ne wuluk, ga kauri kamar zuma, kuɗinsa kuma bai kai na kilo guda na nama ba. Na yi ta murna, a ganina na tsinci dami a kala. Sai ranar da wani dattijo mai ganguna a wani ƙauye kusa da Modena ya ɗiga mini nasa a cokali na gane an yi mini sakiyar da babu ruwa. Abin da na saya khal ne na yau da kullum da aka kaɗa da sitaci da ƙonannen sukari. Lambar nan kuwa babu inda aka ce shekara ce, an rubuta ta ne kawai aka bar mai saye ya yaudari kansa.

Tun daga nan na daina tambayar kwalba shekarunta, harshe nake tambaya. Abu ne da ake koyo, kuma ba sai kana da kuɗi masu yawa ba.

Khal ɗin da ake magana a kai na larduna biyu ne maƙwabtan juna a arewacin Italiya, Modena da Reggio Emilia. Da inabin yankin ake yin sa, musamman Trebbiano da Lambrusco, wato irin inabin da maƙwabta ke matsewa su yi giya da shi. A nan sai aka bi da shi wata hanya daban. Sarakunan gidan Este, da suka komo Modena daga Ferrara a 1598, suna da gangunansa a fadarsu, kuma a cikin littafin lissafin rumbun fadar ne kalmar balsamico ta fara bayyana a 1747. A 1862 wani lauya mai gonaki, Francesco Aggazzotti, ya rubuta wasiƙa yana bayanin yadda ake yin sa daki-daki, har yau kuma a kan tsarin nan ake tafiya.

Mataki na ɗaya: san abin da ke faruwa a cikin ganga

Wanda bai san yadda aka yi shi ba zai ɗanɗana ne kawai ya ce da daɗi ko babu daɗi. Don haka daga nan za mu fara, kuma zan ɗan daɗe a nan.

Da kaka ake tsinke inabi a matse. Ba a barin ruwan ya kwana ya fara tsami, nan da nan ake zuba shi a buɗaɗɗiyar tukunya a ɗora a wuta. Ba tafasa mai ƙarfi ake so ba, wuta ce ƙasa-ƙasa na tsawon sa'o'i da yawa, wani lokaci yini da kwana, har ruwan ya ragu da kashi ɗaya bisa uku ko ma rabi. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila, ko inda ake dafa ɗinya a yi maɗi, ya san abin da wuta ke yi wa ruwa mai zaƙi: launi ya koma ja mai duhu, ƙanshi ya canza daga na ɗanyen ɗan itace zuwa na abin da ya sha wuta. Rabin ɗanɗanon da za ka ji bayan shekara 25 a tukunyar nan aka haife shi. Idan mai dafawa ya yi sake ƙasan ya kama, ɗacin ƙauri zai bi khal ɗin har tsufansa, babu gangar da za ta wanke shi.

Bayan ya huce sai a zuba shi a wata babbar ganga da suke kira badessa. A ciki yis ke cin wani kaso na sukarin, daga baya wasu ƙwayoyin bakteriya su bi abin da yis ɗin ya samar su mayar da shi tsami. Sukarin ya yi yawa, ba ya cinyuwa duka, shi ya sa khal ɗin ke fitowa da zaƙi da tsami a tare.

Daga nan sai batteria, wato jerin gangunan katako, yawanci biyar zuwa bakwai, daga babba mai cin lita 60 ko fiye har zuwa 'yar ƙarama mai cin lita 10 ko 15. Ba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi ake ajiye su ba kamar yadda ake yi wa giya. Can saman bene ake kai su, ƙarƙashin rufi, inda zafin bazara ke gasa su, sanyin hunturu kuma ya daskarar da su. Bakin kowace ganga a buɗe yake, ƙyalle kawai ake shimfiɗawa a kai saboda ƙura da ƙwari. Da zafi ruwa ke tashi ya bi iska, da sanyi kuma gurɓin da ke ciki ya kwanta, khal ɗin ya tace kansa.

Abin da ke bin iska a shekara ya kai kusan kashi 10 cikin 100. Yi lissafin da kanka. Lita 100 da ke rasa kashi 10 duk shekara, bayan shekara 12 saura lita 28, bayan shekara 25 kuwa lita 7 ce kacal. Tsadarsa ke nan, ba wani sirri.

Sau ɗaya a shekara, cikin hunturu, ake taɓa gangunan. Daga 'yar ƙaramar ake ɗiban na amfani, abin da bai cika wuce lita ɗaya ko biyu ba. Sai a cike gurbin da na gangar da ke gaba da ita, ita ma a cike ta da na wadda ta fi ta girma, haka har a kai ga babbar, wadda ake cikewa da sabon da ya fito daga badessa. Sunan aikin rincalzo. Ka lura da abin da wannan ke nufi: babu ɗigo guda a cikin kwalbar da za a nuna a ce wannan na shekara kaza ne. Gauraye ne na shekaru, sabo yana shiga tsoho a hankali. Idan aka ce shekara 12, ana nufin jerin gangunan ya yi aƙalla shekara 12 yana aiki kafin a fara ɗiba daga cikinsa.

Itacen kowace ganga ma da nasa aikin. Ga sunayensu da Italiyanci: castagno, wato chestnut a Turance, na ƙara duhu da ɗan bauri. Ciliegio, wato itacen ceri, na tausasa zaƙi. Gelso, wato mulberry, na da ƙananan kafofi, yana sa ruwa ya yi saurin tashi. Ginepro, wato juniper, na ba da wani ƙanshi mai kama da na ƙaron turare, kaɗan ake so, idan ya yi yawa sai ya danne sauran. Rovere kuma, wato oak, da yake ƙarfi gare shi, shi aka fi sa wa a ƙananan gangunan ƙarshe. A da, a gidajen yankin, idan aka haifi 'ya mace sai uba ya kafa mata sabon jeri, ranar aurenta ta tafi da shi ɗakin miji. Kayan ɗaki ne da ake fara tarawa tun ranar suna.

Mataki na biyu: karanta kwalba kafin ka biya

Iri uku za ka tarar a kasuwa, sunayensu sun yi kama da juna ƙwarai, a nan ake cin kasuwar baƙo.

Na farko shi ne Aceto Balsamico Tradizionale di Modena, ko na Reggio Emilia, mai tambarin DOP ja da rawaya na Tarayyar Turai, shaidar cewa daga inabi har kwalba duk a yankin aka yi shi, wanda ya samu a shekarar 2000. Kalmar da za ka nema ita ce Tradizionale, wato na gargajiya. A wurin jerin kayan haɗi abu ɗaya tak za ka gani, mosto cotto, dafaffen ruwan inabi. Kusan kullum a kwalba mai cin mililita 100 ake sayar da shi. Ta Modena dunƙulalliya ce mai gindi mai kusurwa huɗu, Giorgetto Giugiaro mai zanen motoci ne ya tsara ta, kuma duk masu yin khal ɗin ita suke amfani da ita. Ta Reggio Emilia kamar furen da aka kife take. Mataki biyu ne a Modena: mai aƙalla shekara 12, da extravecchio mai aƙalla shekara 25. A Reggio uku ne, da launin takarda ake bambanta su: ja, azurfa, zinare, na zinaren shi ne mai shekara 25. Ba mai ganguna ke cika kwalbarsa da kansa ba, sai kwamitin masu ɗanɗano ya gwada ya amince, sannan a cika a cibiyar da aka ba wa izini, a manna lamba. Da wuya ka same shi ƙasa da Yuro 40, extravecchio kuwa yakan kai 100 ko ya wuce. Idan ka ga an rubuta Tradizionale a kwalbar rabin lita, ajiye ta ka yi gaba.

Na biyu shi ne Aceto Balsamico di Modena mai tambarin IGP shuɗi da rawaya, shi ma na Tarayyar Turai amma mai sassaucin sharaɗi fiye da DOP, wanda aka yi wa rajista a 2009. Shi ne ya cika manyan kantuna a ko'ina, har Abuja da Yamai. Haɗi ne na ruwan inabi da aka dafa ko aka tsotse ruwansa, aƙalla kashi 20 cikin 100, da aceto di vino, wato khal ɗin da aka samu daga giya, aƙalla kashi 10. An yarda a ƙara ƙonannen sukari har kashi 2 saboda launi, a takarda za ka gan shi da sunan caramello ko E150d. Kwana 60 a katako ya ishe shi fita kasuwa. Idan ya yi shekara 3 sai a rubuta invecchiato. Wannan ba jabu ba ne, kaya ne na kirki mai aikinsa, kuma a cikinsa akwai na ƙwarai sosai. Dabarar zaɓe ɗaya ce: duba wanda aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi. Idan mosto ne a gaba, zai fi zaƙi da jiki. Idan aceto di vino ne a gaba, tsami zai rinjaya.

Na uku shi ne duk sauran: condimento, crema, glassa, da masu sunan balsamiko zalla. A Disamban 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kalmar balsamico ita kaɗai ba mallakar Modena ba ce, don haka kowa na iya sa ta. A cikin condimento akwai na gidaje masu gaskiya da suka tsufa a ganga da gaske, akwai kuma irin wanda na saya. Crema da glassa kusan kullum da sitaci ko danƙo ake ba su kauri, an rubuta a jiki ga mai karantawa.

Akwai maganar da na san tana ran mai karatu Musulmi, gara in faɗe ta a fili. Khal abinci ne da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba, hadisin yana cikin Sahih Muslim. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka, sun kuma saɓa a kan wadda aka juya da gangan. A na gargajiya ba a zuba giya, amma barasa na samuwa na ɗan lokaci a cikin badessa kafin ta koma tsami. A na IGP akwai khal ɗin giya a cikin haɗin, ƙa'idarsa kuma ta ce ragowar barasa kada ta wuce kashi 1.5 cikin 100. Ga yadda ake yin sa na shimfiɗa maka, hukuncin kuma ka kai wa malaminka.

Mataki na uku: shirya wurin gwaji

Abu ɗaya ba ya koyar da harshe, sai an jera. Nemi aƙalla uku: IGP mai araha, IGP invecchiato, da na gargajiya in hali ya yi. Idan kuɗin ya yi maka nauyi ku haɗu mutum huɗu ko biyar ku sayi kwalba guda, mililita 100 ta ishi gwaji sau da dama tunda ɗigo-ɗigo ake yi.

Ka ƙara na huɗu da za ka haɗa da hannunka, shi ne ma ya fi koyarwa. Zuba rabin kofi na IGP mai arahar a ƙaramar tukunya, ɗora a wuta kaɗan har ya ragu da rabi, ka sauke ya huce. Buɗe taga, kada kuma ka kai fuska kan tukunyar, tururin na shaƙe mutum. Abin da ka samu khal ne mai kauri wanda ba shi da shekaru. Shi zai nuna maka bambancin kauri da tsufa.

Kana bukatar cokulan tangaran ko na roba fari, ɗaya ga kowane khal, domin cokalin ƙarfe na sa wa tsami wani ɗanɗano nasa. Sai ƙananan kofunan gilashi, kyandir ko tocila, ruwan sha, da burodi marar sukari. Yi gwajin da hantsi, kafin zafi ya tashi, cikinka ba a cike ba kuma ba da yunwa ba. Kada ka ci goro ko yaji, kada ka sha shayi mai citta awa guda kafin nan. Ɗakin da aka turara da turaren wuta bai dace ba sam, hancinka ba zai ji komai ba sai turaren.

Mataki na huɗu: ido

Zuba kamar cokali guda a kofi, karkata shi a gaban wutar kyandir. Masu ɗanɗanon Spilamberto, garin da ake gasar khal ɗin gidaje duk watan Yuni, haka suke yi. Na ƙwarai ba baƙi ba ne kamar tawada. A tsakiya duhu ne, a gefe inda ya yi siriri za ka ga ja mai ruwan ƙasa, haske na ratsa shi tas. Wanda ya sha ƙonannen sukari baƙinsa a dushe yake, wanda ya sha sitaci kuma hazo-hazo yake yi.

Juya kofin ka ga yadda yake gangarowa. Na gargajiyar Modena dole lita guda ta kai nauyin kilo 1.24, na IGP kuwa daga 1.06 ya fara. Tsoho yana lulluɓe gilashi ya sauko a hankali, santsi ɗaya. Mai danƙo yakan tsaya cak ko ya sauko guda-guda. Ido iyakarsa ke nan, kada ka ba shi hukunci.

Mataki na biyar: hanci

Kada ka cusa hanci cikin kofi ka ja da ƙarfi, tsamin zai kashe maka jin ƙanshi na minti da yawa. Riƙe shi nesa kamar tsawon yatsa, ja numfashi gajere sau biyu ko uku, ka janye.

Abin da za ka fara lura da shi shi ne inda tsamin ya buge ka. Ƙaramin khal sukar hanci yake yi, har ido ya kawo ruwa. Wannan asid ne mai tashi a iska, shi ne warin khal da kowa ya sani. A tsoho yana nan, amma ya lafa, kamar garwashin da toka ta rufe. Bayan ya wuce ne sauran ƙanshin ke fitowa: busasshen inabi, dabino mai laushi, ɗinya, wani lokaci ƙanshin tsohon akwatin katako. Yanzu shinshina wanda ka dafa da kanka. Sukar ta ragu tunda wuta ta kore ta, amma bayanta babu komai sai ƙanshin alewa. Wannan fankon shi nake so hancinka ya riƙe.

Mataki na shida: harshe

Fara da mafi ƙanƙantar shekaru, ka ƙare da tsoho. Ɗigo uku ko huɗu a cokali sun isa. Sa a kan harshe, danna shi zuwa dasashi, bar shi ya yaɗu, kada ka yi saurin haɗiyewa. Bayan ka haɗiye rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Sannan ka ƙirga a zuci har sai ɗanɗanon ya ɓace.

Abu huɗu kake nema. Na farko, wa ya riga isowa, zaƙi ko tsami, kuma tare suka zo ko kowa da hanyarsa? A khal mai kwana 60 rabe suke: tsami ya doki gefen harshe, zaƙi ya biyo daga baya kamar wanda aka zuba wa tsamiya sukari bai gama narkewa ba. A mai shekara 12 ba za ka iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Na biyu, wane irin tsami ne? Akwai mai sukar maƙogwaro, akwai mai sa yawu ya taru a ƙarƙashin harshe irin na tsamiyar biri ko nunanniyar tsamiya. Na biyun daga asid ɗin da ke cikin inabin kansa yake, ba ya tashi a iska, don haka duk shekarar da ruwa ya ragu ƙaruwa yake yi. Shi ya sa tsohon khal ke da tsami sosai amma ba ya cizo. Lambobin ma sun nuna haka ta wata fuska: ƙa'idar IGP ta nemi tsami aƙalla kashi 6 cikin 100 ga wanda bai kai invecchiato ba, ta gargajiyar Modena kashi 4.5.

Na uku, jiki. Ba kauri nake nufi ba. Jiki shi ne yadda abu ke cika baki, kamar bambancin romon ƙashi da ya kwana a wuta da ruwan miya da aka kaɗa wa gari. Duka biyun suna da kauri, ɗaya ne kawai ke da nauyi. Mai sitaci yakan bar wani yauƙi a dasashi, tsoho kuwa narkewa yake yi ya bar baki a wanke, da ɗan bauri siriri a ƙarshe, ƙanin baurin goro, wanda ya samo daga katako.

Na huɗu, daɗewa, kuma wannan ne ba a iya yin jabunsa. Mai araha kafin ka ƙirga goma ya tafi. Wanda ka dafa zai ɗan jima, amma zaƙi ne kawai ya rage. Na gargajiya yakan wuce minti guda, yana kuma sauya kama yana tafiya: ya fara da ɗan itace, ya koma maɗi, ya ƙare da katako da wani ɗaci mai daɗi kamar na gasasshen kofi.

Kurkure baki, ci ɗan burodi, jira minti biyu kafin na gaba. Bayan zagaye biyu ka tsaya, harshe ya gaji.

Mataki na bakwai: jera shekarun a kanka

Idan ka yi gwajin nan sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban, za ka fara jin tsanin da kanka.

Mai wata biyu ɗanye ne, tsaminsa a gaba, ƙanshin inabinsa sabo. Mai shekara 3 sukarsa ta fara kwantawa, katako ya fara magana, amma har yanzu khal ne a yadda muka san khal.

Mai shekara 12, a ganina, shi ne ya fi kowa rai. Ɗan itacen bai mutu ba, za ka ji ceri da busasshen inabi sarai, tsamin na da kuzari, ƙanshinsa ma yakan fi na tsoho tashi. Mutane da yawa na ɗauka cewa mataki ne kawai na jiran extravecchio. Ban yarda ba. A kan nama ko ƙwai na fi son sa nesa ba kusa ba.

Mai shekara 25 wani abu ne daban. Sukarin da ya sha wuta tun farko ya ci gaba da duhu a hankali duk tsawon shekarun, ya koma wasu manyan sinadarai masu launin ƙasa da ke ba shi nauyi da santsi. Ɗanyen ɗan itace ya ja baya, abin da ya maye gurbinsa shi ne dabino da ya daɗe a buhu, goruba, koko marar sukari, ganyen taba busasshe, tsohon katako. Ba ya ihu a hanci, a baki ne yake da dogon zance. Cokali guda bayan abinci, shi kaɗai, haka dattawan Modena ke shan sa.

Tsufa kuma ba kullum ne alheri ba, abin da masu talla ba sa faɗa ke nan. Gangar da aka yi sakaci da rincalzo ɗinta ruwa na ƙarewa fiye da kima, tsami mai tashi ya gudu duka, a bar zaƙi mai gundura kamar alewar da ta narke. Wani lokaci sukarin ma daskarewa yake yi a gindin ganga. Wani kuma katako ya rinjaye shi, musamman ginepro, ka ji kamar kana tsotsar itace. Na ɗanɗana wani da mai shi ke alfahari da cewa kakansa ne ya kafa gangunan, na yaba don kunya, amma mai shekara 12 na maƙwabcinsa ya fi shi komai.

Mataki na takwas: kai shi kicin

Na gargajiya ba ya shiga wuta. Zafi na kore ƙanshin da aka yi shekaru ana tarawa cikin minti guda. Bayan an sauke abinci, an zuba a faranti, sannan ake ɗiga shi. A garinsu a kan gutsuren cukun Parmigiano Reggiano suke sa shi, ko wainar ƙwai, ko shinkafar risotto, ko strawberry, ko farin askirim. A namu kicin na gwada shi a kan balangu mai ɗan kitse wanda ba a barbaɗa wa yaji ba, da gasasshen kifi, da soyayyar hanta, duk ya zauna daram, domin tsamin na yanka maiƙo. Ya karɓi strawberry ɗin Jos, ya karɓi gwanda da mangwaro nunanne, kindirmo mai sanyi ma ɗigo huɗu na canza shi. Inda bai yi ba shi ne duk abin da yaji ko daddawa suka yi wa yawa, kilishi da miyar kuka misali. Suna danne shi, asarar kuɗi ce kawai.

Salak, jiƙa nama kafin gashi, miyar da za ta tafasa, duk aikin IGP ne. Kashi ɗaya na khal, kashi uku na man zaitun, ɗan gishiri, ka kaɗa.

Mataki na tara: ajiya

Khal ɗin nan a ganga yake tsufa, ba a kwalba ba. Ranar da aka cika kwalba agogonsa ya tsaya. Mai shekara 12 da ka ɓoye shekara 13 a kabad ba zai zama extravecchio ba, don haka babu amfanin yi masa rowa.

Kada ka sa shi a firij, sanyi na sa shi daskarewa, ƙanshin kuma ya kulle. Kabad mai duhu, nesa da murhu, nesa da kayan yaji da daddawa, shi ne wurinsa. A ƙasa mai zafi kamar tamu zaɓi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka kuma tabbatar murfin ya zauna sosai, in ba haka ba ruwan zai ci gaba da tashi ya bar maka abu mai kauri fiye da yadda aka sayar maka. Goge bakin kwalbar bayan kowane amfani, saboda sukarin na bushewa ya liƙe toshiyar, kuma tururuwa ba ta san tsada ba. In an kiyaye wannan yakan yi shekaru bayan an buɗe shi bai canza ba. Idan ka ga ɗan gurɓi ya kwanta a gindi ba lalacewa ba ce, karkata kwalbar a hankali ka ɗiga daga sama.